Suruki a Raga

Har gobe in na tuna ƙwallon shekarar tamanin da bakwai sai raina ya ɓaci, can kuma in kama dariya ni kaɗai. Sunana Mudi. Ni ke tsaron baya ta hagu a ƙungiyar Tauraron Yamma, ta unguwarmu da ke bayan kasuwar hatsi a Gadarif, a ƙasar Sudan. Shekara tara ina barin fatar gwiwata a kan baƙar ƙasar nan mai tsagewa, amma ban taɓa shan wuya irin ta wata biyun nan ba. Kuma duk aure ne ya jawo. Auren ma ba nawa ba.

Mai tsaron ragarmu Jatau ne. A lokacin shekarunsa arba'in da huɗu, ashirin da huɗu daga ciki a tsakanin turakun nan biyu ya yi su. Gaskiya ƙafa ta yi masa nauyi, in ya faɗi ƙasa sai ya ɗan yi shawara da kansa kafin ya tashi. Amma Jatau ba da hannu yake tsaron raga ba, da baki yake yi. Daga busar farko har ta ƙarshe bakin nan ba ya rufuwa. Yana tsaye a baya yana ganin fili gaba ɗaya, ya san inda ƙwallo za ta faɗa tun tana ƙafar mai bugawa, sai ya jera mu da zagi, kowa a inda ya kamata. Ni kunkuru yake ce mini. Adamu ɗan gabanmu kuwa mai martaba, don ba ya son dawowa baya ya taya mu. In ka ji sunanka a bakin Jatau, to ka waiwaya, akwai mutum a bayanka.

Wanda ya fi kowa shan zagin shi ne Wada, mai tsaron baya ta tsakiya, dogo, ɗan shekara ashirin da biyar. Akwai dalili. Kakan Jatau daga Kano ya taso da niyyar Makka, kakan Wada daga Zariya, dukansu guzuri ya ƙare musu a nan suka kama noman dawa. Bakano da Bazazzagi kuwa abokan wasa ne, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a riƙe shi. Jatau da Wada babu wanda ya taɓa wuce Kosti ta yamma, in ka ba su taswira ba za su nuna maka Kano ko Zariya ba, amma wasan nan sun gaje shi cif, ko ƙwaya ba ta zube ba.

"Kai bawana, hagu!" Jatau zai kwarara ihu. "Hagu na ce! Kakanka ma haka ya ɓatar da jakin kakana a hanya!"

"Rufe mana baki, Bakano!" Wada zai mayar, alhali ya riga ya koma hagun ya sa kai ya fitar da ƙwallon. "In sayar da ragar za ka yi ka faɗa mana!"

Haka muke, kuma haka muke cin mutane. Shekarar da ta wuce wasa goma sha uku muka buga, ƙwallo huɗu kacal aka zura mana.

Da aka gama yankan riɗi a Fashaga muka dawo gida, sai Wada ya auri Ummuhani, 'yar farin Jatau, malama a makarantar 'yan mata. Ita ta ce shi take so, shi ma ita yake so, kowa ya yi murna. Ni da kaina na yi rawa har na yaga jallabiyata. Da na san abin da ke tafe, wallahi da na zauna.

Ranar da muka koma atisaye, Jatau na jingine da turken raga yana ɗaura safar hannunsa, sai ga Wada. Ya hango Jatau daga taku talatin. Sai yaron nan ya tsaya, ya cire takalman ƙwallon da ya ɓata lokaci yana ɗaurewa, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Barkanku da yamma, Baba."

Jatau ya ɗaga ido yana kallon babban rumbun hatsi da ke can nesa, kamar yau ya fara ganinsa. "Lafiya lau. Madalla."

Shi ke nan. Muka yi dariya, muka ce kunyar angonci ce, kwana biyu za ta wuce. Ina! Surukuta ta shigo fili da mu, ta kuma ƙi fita.

Wasanmu na farko da mutanen Fau ne, a filinmu. Aka busa, aka take, sai na ji wani abu da ban taɓa ji a filin nan ba: ƙarar lorori a kasuwar hatsi. Ashe kullum suna yi, bakin Jatau ne ke danne su. Na waiwaya na gan shi tsaye leɓe a haɗe. Minti goma sha biyu aka ɗago wata ƙwallo sama, ta taho tsakanin Jatau da Wada. Irin wadda ko jikana yanzu zai cafke. Jatau ya fito, ya ga Wada, ya tsaya. Wada ya taho, ya ga Jatau, ya ja da baya har da mayar da hannu baya, wai kada ya sha gaban babba. Ƙwallon ta faɗi a tsakaninsu ta yi tsalle sau biyu. Ɗan gaban Fau ya iso, ya dubi wannan, ya dubi wancan, har ya waiwayi alƙalin wasa ko an busa bai ji ba. Da ya ga babu mai magana sai ya tura ta raga a hankali.

Daga nan nawa aikin ya fara. Tunda suruki ba ya kiran sunan suruki, ba ya kuma ɗaga masa murya, sai suka mai da ni ɗan aike.

"Mudi," in ji Jatau, murya ƙasa-ƙasa, "ka gaya wa mijin yarinyar nan ya ɗan matsa dama."

Ina tare da mutum, ƙwallo na sama, ni ne kuma zan juya in ce, "Wada, wai ka matsa dama!" Kafin saƙo ya isa an wuce ta daman. Can sai Wada ya matso kusa da ni yana haki.

"Mudi, don Allah ka shaida wa Baba, in ba damuwa zan mayar musu da ƙwallo."

"Ka mayar mana, ɗan nema! Ga shi nan a bayanka, ba a Makka yake ba!"

Huɗu da nema aka yi mana. Mutanen Fau, waɗanda shekara shida ba su ga cikin ragarmu ba, suka hau lorinsu suna waƙa.

Abin bai tsaya a kan su biyun ba, nan ne ya fi ƙona mini rai. Da bakin Jatau ya mutu, kowa ya shiga harkar gabansa. Adamu ya kafa kujerar sarautarsa a gaba, ba mai ce masa ya dawo. 'Yan tsakiya suka daina waiwaye. In an ci mu, wannan ya ce laifin wancan ne, kuma yanzu zagin na gaske ne, mai shiga rai. Mutanen da muka kwana a bukka ɗaya a gonar riɗi, muka yi yanka kafaɗa da kafaɗa, sai ga mu muna tashi daga fili kowa ya kama hanyarsa ba sallama. Wasa biyar, an ci mu huɗu, ɗaya ruwa ya cece mu, ruwan ma na bututun da ya fashe ne ya cika fili.

Mai horar da mu Ustaz Kassim ne, malamin motsa jiki. Bahaushe ne ta wajen uba, amma a Khartum ya tashi, Hausarsa in ta yi taku uku sai ta jingina da Larabci. Mutumin kirki ne, ya yi kwas a Madani, yana da wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Ya dubi Jatau da Wada, ya ga ba sa magana, ba sa haɗa ido, sai ya yanke hukunci cewa faɗa suka yi.

"Matsalarku ruhul fariƙ ce," ya ce da mu. "Babu haɗin kai. Zan gyara."

Gyaran farko, ya ce mu yi da'ira mu riƙe hannun juna, ya kuma sa Wada kusa da Jatau da gangan. Wada ya yi ta zufa kamar an tsamo shi daga rijiya, daga ƙarshe ya ce fitsari ya matse shi, bai dawo ba sai da aka watse. Gyara na biyu, Ustaz ya sa aka kawo babbar siniya, wato tire, cike da ful, dafaffen waken nan na Sudan, da man riɗi da albasa da dafaffen ƙwai, aka ajiye a gindin dalbejiyar bakin fili, ya ce daga yau kowa hannu ɗaya, tire ɗaya. To wane suruki ne zai sa hannu a kwano ɗaya da uban matarsa? Ran Litinin Wada ya ce yana azumi. Ran Talata Jatau ya ce shi ma yana azumi. Ran Laraba dukansu biyu suka ce suna azumi, suka zauna ɗaya a gabas ɗaya a yamma suna haɗiyar yawu, mu muna lashe hannu.

Na ja Ustaz gefe na ce, "Ustaz, ba faɗa suka yi ba. Kunya ce. Girmamawa ce ta yi musu yawa."

"Ya Mudi, girmamawa ba ta sa a ci mutum huɗu da nema."

"Tamu tana sawa."

Ya buɗe littafinsa ya rufe. "Babu wannan a nan." Sannan ya ce, "Kalas, magana ta ƙare. Juma'a muna da Mafaza. In aka sake zura mana irin ƙwallon nan ta bismillah-bismillah, ɗaya zai fita. Wada shekararsa ashirin da biyar. Ka san wanda zai ajiye safar hannu."

Na sani, Jatau ma ya sani, don a gabansa Ustaz ya fara horar da wani sabon gola da ya zo daga Fau aikin gona ya zauna.

Ran nan da aka watse na tarar da Jatau shi kaɗai yana ɗinke ragar da ta yage. Na tsaya a kansa, raina a ɓace.

"Yaya Jatau, shekara ashirin da huɗu za ka zubar saboda ba za ka iya cewa 'hagu' ba?"

Bai ɗago ba. "Maganar tana zuwa, Mudi. Wallahi tana zuwa, cike da baki. Tana kaiwa nan," ya nuna maƙogwaro, "sai in tuna a ɗakin yaron nan 'yata take kwana. Yaya zan ce masa bawa a gaban jama'a?" Ya ja zaren ya tsinke. "Ni ban iya komai ba in ba ragar nan ba. In na fita daga cikinta, tsoho ne kawai mai ciwon gwiwa. Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? Yaron nan tun yana tsinto mana ƙwallo a bayan raga nake zaginsa yana ramawa. Na yi suruki, na rasa abokina. Kewarsa nake ji, ga shi kullum taku goma a gabana."

Na zo da niyyar yi masa masifa, sai na ji tausayi ya kama ni. Na tsuguna na riƙe masa bakin ragar har ya gama.

Ummuhani ce ta kawo dabara. Ta tare ni a hanyar makaranta da safe ta ce, "Kawu Mudi, mijina ya rame, ubana ya rame, ni aka mayar mai laifi a unguwa. Jiya wata ta ce mini tun da aka ɗaura aurena ba a ƙara cin wasa ba. Ku kai su wajen Inna Barira."

Inna Barira gwaggon Jatau ce, kuma ita ce mafi tsufa a unguwarmu. Kullum tana cewa ita kaɗai ce a Gadarif ta ga ganuwar Kano da idonta, ko da yake a goye take lokacin. Ran Alhamis da hantsi muka same ta a tsakar gida tana soya bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa. Ta sa aka zaunar da Jatau a wannan gefen zana, Wada a wancan gefen, ni a tsakiya kamar kullum. Na zayyana mata komai. Ta saurara tana kaɗa kasko, ba ta san mene ne bugun kusurwa ba, ba ta kuma nemi sani ba.

"To," ta ce, "ina tambaya. Wasan Kano da Zazzau da auren Ummuhani, wanne ya girmi wani?"

"Wasan, Inna," in ji Jatau.

"Auren nawa ne da haihuwa?"

"Wata biyu," in ji Wada ta bayan zana, da ƙyar ake jin sa.

"Ɗan wata biyu ne zai kori kakansa daga gida? Ku dai maza Allah ya shirye ku. Filin naku ba ku zagaye shi da toka ba? Ina ganin ku kuna kwashe mini tokar murhu duk Juma'a." Ta nuna su da cokali, ta wannan gefe da wancan. "Cikin tokar nan, kai Bakano ne, shi Bazazzagi. Kuna tsallako ta waje, kai uba ne, shi ɗa. Na gama. Ku tashi ku ba ni wuri, bunnina zai ƙone."

Dukansu suka ce, "To, Inna." Na fito ina murna, har na ce wa Ustaz ya kwantar da hankalinsa. Na manta cewa faɗin "to" a gaban tsohuwa daban, buɗe baki a gaban mutum ɗari biyar daban.

Juma'a bayan la'asar fili ya cika. Mutanen Mafaza sun zo lori biyu, da ganga. Ni da kaina na zuba tokar layi, na zuba ta da kauri yadda ko makaho zai ji ta a ƙafa. Da za mu shiga na nuna wa Jatau ita, na nuna wa Wada. Kowa ya gyaɗa kai.

Aka take. Minti biyar na ga Jatau ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki. Na ce alhamdu lillahi.

"Kai Baz..." Sai ya yi tari. "Mudi, ka ce masa akwai mutum a bayansa."

Kai! Na ji kamar in cire rigar in tafi gida. Haka muka yi ta lallaɓawa, ina gudu ina kai saƙo, har wajen minti talatin. Sai ga irin ƙwallon nan, ta sama, a tsakaninsu. Jatau ya fito, Wada ya taho, suka yi cirko-cirko, kowa na jiran kowa. Wani gajere ɗan Mafaza ya ratsa tsakaninsu ya sa kai. Ganga ta ɗauka. Na dubi bakin fili na ga Ustaz ya yi wa sabon golan alama ya tashi ya motsa jiki.

Da aka tafi hutu Ustaz bai ɗaga murya ba. Ya kira shi da Ammu, wato baffa, ya ce, "Ammu Jatau, don girmanka ba zan cire ka a hutu ba. Minti goma zan ba ka, mutane su tafa maka, sannan ka fito." Jatau ya ce to. Yana zaune yana kallon safar hannunsa, wadda ya yi wa faci ya fi sau goma. Wada na can gefe ya ba mu baya, amma na san ya ji.

Muka koma. Minti shida, bakwai, takwas. Mafaza suka sami bugun kusurwa. Sabon golan ya riga ya tsaya a bakin layi yana tsalle-tsalle. Muka taru a gaban raga ana ture-ture, Jatau a kan layinsa shiru. Wada na gabana. Sai na ga ya runtse ido, ya juya wa Jatau ƙeya sosai, ya ɗaga kai sama, ya kwarma ihu da wata murya da ta fashe a tsakiya.

"Kai Bakano! Tsufa ne ya kama ka ko tsoro? In ba za ka iya ba ka koma kasuwa ka kasa goro! Bawan kakana kawai!"

Fili ya yi tsit. Mai ganga ma ya tsaya, don mutanen Mafaza Hausawa ne irinmu, sun kuma san wane ne surukin wane. Mai bugun kusurwa ya tsaya da ƙafa a sama. Wada kuwa idonsa a rufe, hawaye na bin kumatunsa. Ni da ke kusa na san irin kunyar da yaron nan ya kashe a ransa kafin ya faɗi haka.

Na waiwaya. Fuskar Jatau ta kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ni?" ya ce. "Ni kake gaya wa haka, ɗan Zazzagawan banza? Ni da kakana ya ciyar da kakanka tun daga Kano har nan? Matsa ka ba ni wuri! Tawa ce!"

Aka bugo. Jatau ya tashi sama, wallahi ban san yana da sauran wannan tashin ba, ya ture mutum biyu har da ni, ya cafke ƙwallon ya rungume. Bai ko sauka ba bakin ya ci gaba. Zagin wata biyu da ya tara ya ɓalle gaba ɗaya.

"Kunkuru, me kake kallo? Fita! Bawana, riƙe mai lamba tara, in ya wuce ka sai na mayar da kai Zariya a ƙafa! Mai martaba! Adamu! A sauko daga karaga a zo a taya talakawa aiki! Ustaz, zaunar da yaron nan kada ya gaji a banza!"

Ustaz ya dubi littafinsa, ya dubi fili, ya sa hannu ya zaunar da sabon golan.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya faru da mu ba, sai dai in ce kowa ya farka. Adamu ya dawo har tsakiya yana ƙwace ƙwallo yana dariya. 'Yan tsakiya suka fara kiran juna. Ni kuwa da aka sauke mini aikin aike, sai na ji ƙafata ta yi sauƙi, na ruga ta hagu na ɗaga wa Adamu wata, ya sa kai ta shiga. Ɗaya da ɗaya. Mafaza suka taso mana da gaske a minti goman ƙarshe, amma duk inda suka biyo sai su tarar an riga an zagi wani ya tsaya a wurin. Sau biyu Wada ya fitar da ƙwallo daga kan layi, sau biyun Jatau ya ce masa sa'a ce kawai.

Haka aka tashi, ɗaya da ɗaya. Ba mu ci ba, amma mutanen unguwa suka shigo fili kamar mun ɗauko kofi. Ustaz ya zo ya kama hannun Jatau da safar a jiki ya girgiza, ya ce, "Talata atisaye, ya Ammu. Kada ka makara." Na ga ya zaro alƙalami yana rubutu a littafinsa, har yau ban san me ya rubuta ba.

Wada kuwa yana jin busar ƙarshe ya nufi bakin fili. Yana tsallake toka ya cire takalma, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Mudi," ya ce, "don girman Allah ka ba Baba haƙuri. Ka ce musu ban..."

"Na yi murabus," na ce. "Ka nemi wani."

Aka kawo siniyar ful aka ajiye a gindin dalbejiya kamar kullum. Muka wanke hannu muka zagaye ta. Wada ya tashi sumui-sumui, takalma a hannu, ya kama hanyar gida, yau ko ƙaryar azumi bai tsaya yi ba. Jatau ya bi shi da kallo. Sai ya sunkuya, ya ɗauke siniyar daga gabanmu, Adamu har ya kai loma baki. Ya ɗora ta a ka, ya tsallaka toka, ya yi ta tafiya da ɗingishinsa har gaban raga, ya dire ta a ƙasa ya zauna.

"Kai bawana!" ya kira, yadda duk wanda ya rage a filin sai da ya juyo. "Ina za ka? Wa zai ɓare mini ƙwai?"

Wada ya tsaya. Ya dubi tokar da ke gabansa ya daɗe. Sannan ya ajiye takalman a waje, ya ɗaga ƙafa ya shigo. Muka bi shi a baya, mu goma sha ɗaya, har da Ustaz da sabon gola, muka zauna a kan baƙar ƙasa a gaban raga. Wada ya zauna daf da Jatau, gwiwa na taɓa gwiwa, ya ɓare ƙwan ya miƙa masa.

"Ga shi, Bakano. A hankali, kada haƙoran su ƙarasa zubewa."

Jatau ya raba ƙwan biyu, ya tura rabi gaban Wada, ya sa hannu a inda hannun yaron yake.

"Ci, ɗan banza," ya ce. "Wata biyu ke nan ban ji ɗanɗanon abinci ba."